Kaskon da Na Hura wa Harol

Wahala na sha a Amurka, ba kaɗan ba, kuma duk wanda ya ce maka daɗi ake ji a nan, ka tambaye shi inda yake kwana. Ba don a tausaya mini nake wannan rubutu ba. 'Yan'uwa ne a Kazaure suka dame ni, wai Hamisu ya samu wuri ya manta da mutane, yana can yana shan iska. To ga irin iskar da na sha.

Ni manomin rani ne. A fadamar garinmu na buɗe ido, tumatir da albasa da attaruhu su na sani, boko kuwa ban gama firamare ba. Wani babban ma'aikaci ne ya taho da ni a farkon shekarun dubu biyu, don in riƙa share masa harabar gida ina wanke motoci. Da wa'adinsa ya cika ya kwashe iyalinsa, ya dafa kafaɗata a filin jirgi ya ce in ɗan jira, zai aiko a gyara mini takardu. Har yau aiken bai iso ba.

Zangona na farko Landover. A masallaci na haɗu da Alhaji Fuseini, dattijo mutumin Kumasi, mai aiki a gidan kula da tsofaffi. Ya ga kowa ya watse bayan sallah ni ina zaune da jaka, bai tambaye ni komai ba sai ya ce, "Ɗan'uwa, tashi mu je ka ci tuwo." Na ci tuwon, na kuma kwana a falonsa, kwanan da ya zama shekaru. Da ya ji sana'ata sai ya laƙaba mini Sarkin Noma, kuma tun ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba sai sau ɗaya, zan zo kan wannan.

Daga nan sai Annandale, inda na shiga ayarin wani ɗan kwangila mai yankan ciyawa a gidajen mutane. Aikin da ya fi ɓata mini rai ke nan a duniya. A shuka ciyawa, a ba ta ruwa, a ba ta taki, in ta yi kyau a yanke ta a ɗure a buhu a kai juji. Unguwa guda ba akuya ko ɗaya. Ina tura inji ina tuna tumakinmu da ke cin kwali da rani. Shi kuma ɗan kwangilar, ranar da ganyen bishiyoyi ya gama zuba, ranar yake daina saninmu. Zai ce, "Sai bazara," ya ja gilashin motarsa. Bazarar da za ka kai da me, a ina, ba ruwansa. Duk sanyi sai in koma falon Alhaji in naɗe.

To a shekarar da nake ba da labari, Allah ya yi wa Alhaji buɗi, matarsa da 'ya'yansa suka iso daga Ghana. Na yi masa murna har zuciyata. Amma falo ya zama ɗakin 'yan mata, ni kuma ba ni da wurin komawa. Sanyin ƙasar nan ba irin ɗarin gida ba ne da za ka hura kara ka ji ɗumi. Wanda ya kwana a waje, gawarsa ake ɗauka.

Alhajin ne dai ya sake nemo mini mafita. Ya ce akwai wata tsohuwa a Woodbridge, Madam Beril, mutuniyar Ostireliya, wadda mijinta ya rasu a gidan tsofaffin da Alhajin yake aiki. Duk shekara in sanyi ya kama sai ta gudu ƙasarsu, don wai a can lokacin ne ake zafi, tana neman wanda zai tsare mata shuke-shuke har ta dawo. Akwai ɗaki.

"Ɗaki kai kaɗai, Sarkin Noma," in ji Alhaji da Hausarsa ta Kumasi. "Da ƙofa paa. Ka rufe ka yi munsharinka, ba wanda zai jefe ka da takalmi."

Na je. Gida ne babba a ƙarshen layi, bayansa daji. Madam Beril 'yar siririya ce, fatarta kamar busasshiyar kuɓewa, ba ta zama, ba ta kuma kallon mutum in tana magana, shuka take kallo. Ba ta nuna mini ɗakina da farko ba. Bayan gida ta kai ni, wani ɗaki na gilashi zalla, bango gilashi, rufi gilashi. Muna shiga ɗumi ya buge ni. Hita uku ne a ciki suna aiki, ga tukwane jere a kan benci har ƙasa, duk shuke-shuken ƙasarsu ne. Ta ce sanyin nan yana kashe su, shi ya sa suke kwana a ciki.

Turancina na kasuwa ne, amma doka ko da wane yare aka faɗe ta ana ganewa. Kada in ba su ruwan famfo, ga na sama nan ta tara a duro. Kada in ba su ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe. Ga wani ma'aunin sanyi a jikin ginshiƙi, ta shafa masa jan fenti a wuri ɗaya, kada allurarsa ta sauka ƙasa da fentin. Na duba ƙasar tukwanen na ga yashi ne da tsakuwa, abin tausayi. Na ce, "Madam, in za a samu kashin kaji, sati biyu za ki ga yadda za su murmure."

Sai ta yi tsalle kamar na ce zan zuba musu fetur. Ta ce taki irin wannan guba ne a wurinsu, a ƙasa maras abinci suka saba, in aka ciyar da su da yawa mutuwa suke. Na yi noma tun ina yaro, ban taɓa jin shukar da ke mutuwa don an kyautata mata ba. Na ce a raina, lallai na zo gidan masu taɓin hankali, ita da itatuwanta.

Can a kusurwa na hango wani da na sani. Na murza ganyensa na shinshina, sai ga Kazaure a hancina.

"Madam, wannan ai itacen turare ne! Namu ne. Layi-layi yake a bakin titi a garinmu."

Ta yi dariya ta ce daga ƙasarsu aka kai mana, duk wanda na taɓa gani asalinsa nasu ne. Na ce to ko daga ina aka kawo shi, a wurinmu ba ya kwana a tukunya, ba mai kunna masa hita, ko akuya ba ta kula shi. Na ce in mura ta kama mutum, ganyensa ake tafasawa a lulluɓa da zane a yi surace, ko za ta bar ni in riƙa tsinkar kaɗan. Ta ce ko ɗaya. Nan ba kantin magani ba ne.

Sannan ta kai ni gaban babbansu. Yana cikin wata tukunya mai girman turmi, tsayinsa ya kai ƙirjina, ganyensa sirara kamar allura, ya fitar da fure irin zangarniyar gero, amma launin goron da aka tauna. Ta ce sunan irinsa banksiya, mijinta ne ya shuka shi daga ƙwaya, shi ya sa take kiransa da sunan mijin, Harol. A nan ne kawai ta juyo ta kalle ni ido cikin ido.

"Sauran in sun mutu zan yi baƙin ciki," ta ce. "Amma in Harol ya mutu, kada in dawo in same ka. Kai, kada ma ka jira in dawo, zan sa a zo a karɓi makulli. Ko me za a yi, Harol kada ya rasa ɗumi."

Daga baya ta nuna mini ɗakina, a saman gareji. Da ƙofa, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Da taga ɗaya, da katifa, da bargo ɗaya. Hitar bangon ta lalace, ta ce za a zo a gyara. Kada kuma in jona wata, don layin wutar ɗaya ne da na ɗakin gilashi, in nauyi ya yi yawa duka zai ɗauke. Babban gida ta kulle shi ta tafi da makullin. Mai gyaran hita kuwa, ina jin tare suka taho da mai kawo takarduna.

Da na ba Alhaji labari a waya, dariya ya yi har da tari. "Ni na yi wa Harol mutum wanka har ya mutu, kai kuma ga ka da Harol itace. Gidan nan sun gama da mu kaf, koraa."

Haka sanyi ya shigo. Da asuba in sauko ruwan alwala yana yanka mini hannu, in shiga ɗakin gilashi in duba allura, in bi tukwane da yatsa, in goge raɓar da ta kwanta a gilashi, in tsince ƙwari da hannu don ta hana feshi. Da rana in ɗaga taga ɗaya kaɗan su sha iska, in mayar. A can nake sallah, a can nake cin abinci a ɓoye, don ta ce abinci yana jawo ɓera. Kwana kuwa ta haramta. Da magariba sai in bar su cikin ɗumi in hau sama in sa riga kan riga, da hula, da safa, in shiga bargo ina jin haƙorana suna haɗuwa. Ta tagata ina hango jar wutar hitocinsu.

Ba zan yi ƙarya ba, da waje ya mutu fat, bishiyoyi suka zama ƙashi, su a lokacin suka yi ta fure. Wani ja kamar gizo-gizo, wani kamar abin wanke kwalba. Suna da kyau. Amma ba a ci, ba a miya, ba a ba dabba. Ina kallonsu ina tuna albasar da zan fitar da rabin wannan gata.

Duk mako Madam tana bugo waya. Gaisuwarta ɗaya ce: "Yaya Harol?" Daga shi sai ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A garinmu ko wurin maƙiyinka ka je sai ka tambaye shi gajiya da iyali kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Ita ko sau ɗaya ba ta ce yaya sanyi ba. Da na tuna mata hitar ɗakina ta ce, "Oh, har yanzu?" ta wuce zancen ƙwari.

Sai ga babbar dusar ƙanƙara. Ranar Juma'a ta fara, ta kwana tana zuba, gari ya waye ba titi, ba mota, ba shinge, komai ya zama fari. Da hantsi na ji wata ƙara daga cikin daji, bishiya ta karye ta faɗa kan wayar lantarki. Hitoci suka yi tsit.

Da farko dariya na yi ni kaɗai. Na ɗauka ɗauke wuta a Najeriya na baro shi. Da na kalli allura sai dariyar ta tsaya, don ta fara sauka. Akwai wata hita mai gas da Madam ta ajiye don irin wannan rana. Na jawo ta, na murɗa, na jijjiga tukunyar gas ɗin, wayam. Na buga wa Madam, can dare ne, ba ta ɗauka ba. Na buga wa Alhaji, ya ce su ma an rufe su a wurin aiki, ko motar 'yan sanda ba ta motsi, sai dai addu'a.

Na tsaya ina kallon Harol, ina kallon allura. In ya mutu, ni da jakata ne a cikin wannan farin bala'i.

A gareji na ga buhunan gawayi, waɗanda marigayi mijinta yake gasa nama da su. Zuciyata ta yi sanyi. Wannan kam na san shi. A gida in ɗari ya tsananta, kasko ake hurawa a kai ɗakin mai jego, a kai wa tsofaffi, mahaifiyata har 'yan tsaki take kai wa. Na ɗauko tukwanen ƙasa da ba kowa a ciki, na cika su da gawayi, na hura a waje. Na bi ƙa'ida yadda aka koya mana, na jira hayaƙi ya gama fita sai jan garwashi zalla, sannan na shiga da su na jera tsakanin benci, mafi girma kusa da Harol. Iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga, na yayyaga tsumma na toshe ko'ina. Ina cikin haka na ji dusar da ta taru a rufi ta zamo ta zube a bakin ƙofa, rim. Na ce madalla, ta ƙara toshewa.

Allura ta tsaya, ta fara hawa. Ta wuce jan fenti. Na ce, "Harol, yau ka ga aikin Bahaushe." Na yi azahar, na jingina da duron ruwa na miƙe ƙafa. Tun da sanyi ya shigo ban ji ɗumi ya ratsa ƙashina ba sai ranar.

Abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini shi ne, ɗakunanmu na gida da kansu suke numfashi. Ƙofar kara, ƙasan ƙyaure, ramin azara, ko'ina iska tana wucewa. Ɗakin Bature kuwa kwalba ne. Garwashi ko ba hayaƙi yana fitar da wani abu da ba a gani, ba a jin warinsa. A gida yana fita ta inda ya ga dama. A nan ba shi da wurin zuwa sai ƙirjina.

Kaina ya fara sarawa, na ce yunwa ce. Barci mai daɗi ya riƙa jana. Wajen la'asar waya ta yi ƙara a aljihuna, da ƙyar na ciro ta. Alhaji ne ya samu hutu.

"Sarkin Noma, yaya talakawanka? Sun mutu ne mu zo jana'iza?"

"Suna nan lafiya," na ce. "Alhaji, ka ce wa Inna ta kulle akuyoyi, za su shiga albasa."

"Wace Inna?"

"Inna mana. Ga ta can bakin rijiya."

"Innarka da ka ce ta rasu tun kana gida? Kai, me ka kunna a wurin nan?"

"Kasko."

"Gawayi? A ɗaki rufe? Ei! La'ilaha illallahu! Hamisu! Hamisu, tashi ka fita yanzu!"

Sunana da na ji a bakinsa shi ya fara farkar da ni. Na yunƙura, ƙafafuna kamar na wani. Na rarrafa na kai ƙofa na tura. Waje take buɗewa, ga tulin dusa a bayanta, ko motsi ba ta yi ba.

"Ta ƙi, Alhaji. Bari in ɗan huta."

"Ba hutu! Fasa gilas!"

"Madam ta ce kada sanyi ya..."

Shekarun da na yi da Alhaji Fuseini ban taɓa jin ya yi ashar ba. Ranar ya yi wa Madam, ya yi wa Harol na tukunya, ya haɗa da na kabari, da Hausa da yaren Kumasi. Ya ce, "In ka mutu a nan, itacen ne zai yi maka sallah? Fasa, don ubanka!"

Na laluba na kama tukunyar da ta fi kusa, da mai furen gizo-gizon a cikinta, na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi na maka wa bango. Gilashi ya tarwatse. Na tura kaina ta ramin, wani ɓangare ya yanke ni a kafaɗa ban ma ji ba, na faɗa cikin dusa na yi ta amai.

Alhaji yana ta ihu a waya zai kira motar asibiti. Na ce kada ya kira, ya san halin takarduna, kuma ta ina motar za ta bi. Ya ce to ba zai ajiye waya ba. "Faɗa mini sunan 'ya'yanka, daga babba." Na ce Auwalu, na ce Rabi, na tsaya. Wallahi sunan autana ya ɓace mini, yaron da na bari yana rarrafe. Ina kwance a ƙanƙara ina kuka ina neman sunan ɗana saboda itacen wata. Da Sani ya dawo bakina, Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Sake faɗa."

Da na iya tsayuwa, rana ta yi ƙasa, sanyi yana kwarara ta ramin kamar ruwa. Na haƙa bakin ƙofa da shebur, na riƙe numfashi na fitar da kaskon ɗaya bayan ɗaya. Na nemi abin toshe rami, kwali ya jiƙe ya faɗi. Sai na hau sama na ɗauko bargona, shi ke nan mini, na ninka na ɗaure a wurin da waya. Akwai tulin bulo na ja a bayan gareji. Na riƙa gasa su a kan garwashin a waje, in loda a baro in kai in jera kewaye da Harol, in sun huce in sake. Haka na kwana ina kai da kawowa, kaina kamar ana daka.

Wuta ba ta dawo ba sai washegari da yamma. Duk waɗanda ke kusa da ramin sun yi baƙi sun lanƙwashe kamar dafaffen alayyafo. Harol kuwa bakin ganyensa kawai ya ƙone, zangarniyarsa tana tsaye. Ban daɗe da kunna hitoci ba Madam ta bugo, ta ga labarin dusar a talabijin.

"Yaya Harol?"

Na ce yana raye. Na ji ta sauke numfashi tana gode wa Allah. Sai na ba ta labari duka, da gas ɗin da ba shi, da gawayi, da ƙofa, da yadda na faɗi. Na yi ta haɗa Turancin da nake da shi. Ta bari na gama.

"Ka fasa gilashin?" ta ce. "Wanne? Na gefen gabas? Su wa ke wurin?"

Na faɗa mata. Ta yi ta kiran sunayensu kamar ana karanta mamatan haɗarin mota. Ta ce wane irin mutum ne zai kunna gawayi a ɗaki, ko yaro ya san wannan. Na ce yaron da aka faɗa wa ya sani, ni jan fenti aka nuna mini. Ta ce tunda Harol yana nan zan iya zama har ta dawo, sannan a yi magana, amma kada in sake taɓa abin da ba a sa ni ba. Kuma ta maimaita, Harol kada ya rasa ɗumi.

Na ce, "Madam, ba ki tambayi jikina ba."

"Ai ga shi kana magana da ni," ta ce. "Ka ga lafiyarka ƙalau ke nan."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta ajiye. Na sha zagi a ƙasar nan, an kira ni da sunaye, an rufe mini ƙofa a fuska, amma ba abin da ya ci mini rai kamar wannan magana, don ba da mugunta ta faɗe ta ba. Iyakar abin da ta gani ke nan.

Na buga wa Alhaji na ce gobe zan bar gidan. Ya ce, "Ka zo mana, sai mu matsa."

"In kwanta ina, Alhaji? Kan firij?"

Shi ma ya san gaskiya. Can ya ce, "Ka san ko mijin haka ya sha? Ya zo ziyara," Madam yake nufi, haka Hausarsa take, mace ma 'ya' yake ce mata, "ya zauna bakin gado yana ba shi labarin fure, mutum yana nema a juya shi. Ni nake juya shi. Kada ka bar ɗaki saboda fushi, Sarkin Noma. Fushi ba ya da rufi."

Daren nan ba bargo, yana can yana toshe wa itatuwa rami. Tari ya kama ni, ƙirjina kamar an zuba yashi. Ta taga ina hango jar wutar hitoci uku.

Washegari da safe na yi sallah na sauka. Na duba allura, na bi tukwane da yatsa, na ba masu ƙishi ruwan samansu, don su ba su yi mini komai ba. Sannan na kawo igiya da wani faffaɗan katako na shimfiɗa a kan matakala. Na rungumi tukunyar Harol na mirgina ta har gindin bene, na ɗaure, na riƙa ja ina hutawa ina tari, har na kai shi ɗakina na ajiye shi a bakin taga inda rana ke shigowa. Na koma na cire hita ɗaya, babbar, na hau da ita na jona kusa da shi. Matar nan ta ce kada ya rasa ɗumi, kuma bai rasa ba. Katifata na jawo na ajiye a gefensa.

Da na sake sauka na tsaya gaban turaren nan na kusurwa. Na tsinki ganye cike da hannu biyu, ban zaɓi ƙanana ba. Na tafasa ruwa na zuba su, na zauna a ƙasa tsakanin Harol da hita, na lulluɓa da babbar rigata, na sa fuskata cikin tururin.